Jajen da Muka Kai wa Mai Takwas a Ƙasar Ceko

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gareji tambaya, a masallaci da an sallame tambaya, ko tsire na tsaya saya a bakin tasha sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Ladan, wai da gaske ka gane shi?" Na gan shi. Na zauna a ɗakinsa, har goro na ba shi ya ci. To ga labarin nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tare ni a hanya sai in ce ya je ya karanta, ni ma in samu in yi aikina.

Saboda wanda ba ɗan Jega ba, sai na fara da kaset. A gidan kallon da ke bayan kasuwa akwai wani kaset na ƙwallo da ya sha kallo har hotonsa ya fara rawa. Wasan ƙasar Ceko ne da wasu Turawa 'yan'uwansu. A cikin 'yan Ceko akwai wani dogo mai gashi har kafaɗa, ɗan tsakiya, lamba takwas a bayansa. Ba ya gudun banza. In ƙwallo ta zo masa sai ya taka ta, ya ɗaga kai, ya ɗaga hannun hagu kamar mai tsayar da mota, sannan ya aika ta inda babu wanda ya zata. Sunansa ya gagari harshenmu, muka sa masa Mai Takwas. Samarin Jega har rigunan gwanjo suke saya su zana takwas da fenti a baya.

Ƙanena Garba shi ne Mai Takwas namu. Shi ne ɗan tsakiyar ƙungiyar garinmu, ya kalli kaset ɗin nan har ɗaga hannun ya haddace. Mutanen Aliero da na Maiyama sun san shi sarai, don ya sha mayar da su gida ba su ko iya cin tuwo. Sai ƙaddara ta faɗa. Motar albasa da ya bi zai je kudu ta kife bayan Maiyama, buhuna suka danne masa ƙafar dama. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗu, amma gwiwa ta sandare, ba ta lanƙwasawa. Daga ranar da aka kawo shi gida Garba ya shiga ɗaki bai sake fitowa ba. Ba masallaci, ba kasuwa, ko ƙofar gida. Aka dasa albasa aka cire, yana ciki. Abokan wasansa suka zo suka roƙe shi ya riƙa zuwa bakin fili yana gyara musu wasa, ya ce shi ba ɗan kallo ba ne, su fita. Wata rana Inna ta kira ni bayan rumbu ta ce, "Ladan, yaron ga in anka bar shi haka, daga ɗakin nan za a ɗauke shi." Na ji tsoro ƙwarai, don ni ma abin da nake gani ke nan.

Ana cikin haka tafiya ta taso. Sabuwar jiharmu ta sayo motocin noma daga Ceko, aka ce a tura makanikai biyu su je masana'antar su koyi gyara. Aka zaɓe ni da Malam Dikko na Maiyama. Da na shiga yi wa Garba sallama, yana kwance ya ba ƙofa baya. Har na juya zan fita sai ya ce, "Yaya, in Allah ya sa ka ga Mai Takwas shina wasa, duba min inda yaka tsayawa in ƙwallo ba ta wurinai. Kaset ba ya nuna wannan." Tun hatsarin bai yi min magana mai tsawon haka ba. Na ce masa ko ƙasar za ta ƙare sai na gano masa.

Motar hayar da na shiga ta ɗauki Malam Dikko a bakin titi a Maiyama. Dattijo ne mai taka-tsantsan, wanda ko ruwa aka ba shi sai ya tambayi rijiyar. Kayansa sun ninka nawa: garin kuka, daddawa, yaji, kilishi, buta biyu. Ni goro kawai na ɗauka, sai wasu manyan albasa da wani abokina ɗan Aliero ya cusa min a jaka, wai in nuna wa Turawa. Muka bi ta Koko, Yawuri, Kwantagora. Kafin Jabba motar ta fara tari, direba na jin mu makanikai ne ya miƙo mana sifana, muka shiga ƙarƙashin mota da kayan tafiyarmu. Haka muka isa Ikko da baƙin mai har gwiwar hannu, ga shi a hakan za mu je karɓar takardu. Jami'in da ya ba mu fasfo ya dube mu ya ce lallai ba a yi kuskuren zaɓe ba.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai kunnena da ya toshe. Malam Dikko kuwa duk abin da aka kawo sai ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Burodi kaɗai ya ci har Jamus. Daga nan jirgin ƙasa muka shiga, kuma a cikinsa aka yi mana binciken iyaka. Jami'ai biyu suka shigo da kare. Karen nan bai kula kowa ba sai jakar Malam Dikko. Aka buɗe. Suka ciro ƙullin kuka, kore shar, suka dubi juna. Malam Dikko ya ɗiba ya lasa don su gani, ya yi musu alamar tuƙa miya. Suka kwance daddawa, ɗayan ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Na biyun, mai ƙarfin hali, ya kai hanci cikin yaji, ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi. A ƙarshe kilishi kawai suka riƙe, wai ba a shiga da nama. Malam Dikko bai yafe ba har yau, ya rantse ci za su yi.

Abin da ya ba ni mamaki a iyakar, ashe su ma ba a daɗe da raba ƙasarsu biyu ba. Tambarin da aka buga mana sabo ne, amma alamar da ke hular jami'an ta tsohuwar ƙasa ce. Na ce wa Malam Dikko ai gida muka zo. Mu ma har yanzu allon ofishinmu in rana ta haska sai ka ga Sakkwato tana leƙowa ƙarƙashin fentin Kabi.

A tasha wani ma'aikacin masana'antar ya tarbe mu, sunansa Pabel. Ya taɓa aiki a ƙasashenmu na zafi, yana jin Ingilishi irin namu na gareji, shi ya zama bakinmu da kunnenmu. Ya kai mu masauki gidan wata tsohuwa da muka sa wa Kaka. Tun a ƙofa ta nuna ƙafafunmu, muka cire takalma, ta ba mu wasu silifas na ulu. Wannan ya yi min daɗi, ashe akwai Turawan da suka san ba a shiga ɗaki da takalmi. Amma muna shiga muka tarar da kare kwance a kan kujera mafi kyau, da bargonsa. Malam Dikko ya tsaya ƙiƙam, ya ce shi a ƙasa zai zauna.

Rigimarmu ta farko da Kaka a kan buta ce. Mu ajiye a bayi, ta ɗauke ta kai wurin furanninta, ta zaci ta ban-ruwa ce. Mu mayar, ta sake ɗaukewa. Sai da Pabel ya yi mata bayani, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir. Amma mace ce mai kirki. Ranar da ta leƙo ta gan mu muna sujada a kan tawul, washegari muka tarar ta shimfiɗa mana darduma mai kauri a wurin.

Abinci kuwa, alade ne a gaba, alade a baya. Ko miyar da ka ga ganye ne zalla, in ka tona sai ka same shi. Muka koma kifi, ƙwai da dankali. Suna da wani abu kamar alkubus, a yanka shi fale-fale a zuba romo, da shi da kabeji mai tsami wanda sai da na daure kafin ya zauna min. Ranar da Malam Dikko ya kaɗa miyar kuka a kicin ɗin Kaka, ta buɗe tagogi duka duk da sanyin da ake yi, amma ta ɗanɗana, ta kuma ƙara. A masana'anta giya suke sha da abincin rana kamar yadda muke shan fura, su koma kan inji ba ko tangaɗi. Mutum zai fyace majina a hankici da ƙarfi a gaban jama'a, ya ninke ya mayar aljihu. Ranar hutu kuma gari ya watse, kowa da kwando ya shiga daji neman naman kaza, irin mai tsirowa a ƙasa, har manyan injiniyoyi. Kuma a titi ba a gaisuwa. Na gai da mutane har na gaji, kallona kawai suke kamar zan roƙe su wani abu.

Duk wannan ina yi ne hankalina na kan saƙon Garba. Na gaya wa Pabel sunan mutumin yadda muke faɗinsa a Jega, ya ce bai taɓa jin wannan suna ba. Sai na tashi tsakiyar gareji, na taka wani gwangwani, na ɗaga kai, na ɗaga hannun hagu. Kafin in sauke hannun makanikai uku sun faɗi sunan a tare, suna dariya suna tafi. Ashe ɗan garin da ke kusa da mu ne. Daga ranar na fara ganin hotonsa mai dogon gashin nan ko'ina: a shagon aski, a gilashin motar haya, har a kicin ɗin Kaka, an yanko shi daga jarida an manna kusa da agogo. Pabel ya ce ranar Asabar ƙungiyarsa na da wasa a gida, zai kai mu. Daren Juma'a da ƙyar na ci abinci don murna.

Muka je. Filin bai kai yadda na zata ba, amma ciyawa ce kore, ba irin namu da in ka faɗi sai ka bar fata ba. 'Yan wasa suka fito, na bi bayansu ɗaya bayan ɗaya har na sami takwas. Wani gajeren yaro ne mai askin kwal-kwabo. Na ce, "Pabel, wannan ba shi ba ne." Ya ce, "Wa?" Na ce, "Mai Takwas mana." Ya dube ni da mamaki, sannan ya nuna bakin fili. Wani mutum ne mai tumbi, da sanƙo, cikin doguwar kwat, yana ɗingishi daga nan zuwa can yana ihu.

Wallahi sai da na zauna. Ashe kaset ɗinmu tsoho ne tukuf, an yi wasan tun Garba na firamare. Mu a Jega muna nan muna gardama a kan ko wace ƙungiya za ta saye shi bana, alhali mutum ya daɗe da rataye takalmi. Babu wanda ya taɓa tambayar shekarun kaset ɗin, ni ma ban taɓa ba.

Ana wasa Pabel na ba ni tarihinsa. Ɗan mai haƙar kwal ne, a wannan filin ya fara. Babbar ƙungiya ta babban birni ta ɗauke shi, ya yi wa ƙasa wasa shekara da shekaru. A zamanin gwamnatinsu ta da ba a barin ɗan wasa ya fita waje sai ƙarfinsa ya fara ja baya, don haka ko da aka bar shi ya tafi, gwiwa ta riga ta gaji, can ta ƙarasa lalacewa. Ya dawo ya zama koci. Da ya karɓi ƙungiyar garinsu, a kafaɗa aka ɗauke shi daga tasha. Yanzu ga su a ƙasan tebur.

Ranar ma aka ci su, aka ƙara. Da aka tashi sai filin ya ɗauki fito, kowa ya sa yatsu a baki. Ni na zaci jinjina ce ake yi wa gwarzo duk da an sha kashi, sai na sa nawa yatsun na taya su da iya ƙarfina. Pabel ya fizge min hannu ya ce, "Me ya yi maka?" Ashe fito a wurinsu tsinuwa ce. Na ji kunya kamar in nutse. Mutane suka yi ta jifa da kofunan takarda suna faɗin maganganun da Pabel ya ƙi fassarawa. Wani tsoho kusa da mu, hoton mutumin na maƙale a hularsa, shi ya fi kowa zagi. Mai Takwas ya bi ta gabansu da ɗingishinsa, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi sauri ba. A gida ma Kaka ta tsaya gaban hoton nan na kicin ta yi masa faɗa da yatsa, ta gama ta sa tsumma ta goge masa ƙura.

Da safe Malam Dikko, wanda ƙwallo ba ta dame shi ba ko kaɗan, ya ce, "Ladan, mutum ya sha wulaƙanci irin wanga gaban jama'a, a kwana a tashi ba a tai mai jaje ba? Ba mu da mutunci ke nan." Na ce abin da ke raina ke nan. A Jega ko akuyarka ta ɓata sai an zo an ce maka ya haƙuri, balle wannan. Da muka gaya wa Pabel sai ya riƙe kai. Ya ce ba a yin haka a nan. Ba a zuwa gidan mutum sai an buga waya an sa rana, balle mutum irin wannan, balle washegarin shan kashi. Malam Dikko ya ce, "Jaje ake sa ma rana?" Muka ce in ba zai je ba ya rubuta mana sunan unguwar. Da ya ga da gaske muke, ya ce gara ya bi mu kada 'yan sanda su kwashe mu.

Muka sa manyan riguna a kan rigunan sanyi, muka kafa huluna, na ƙulla goro da albasar nan ta Aliero. A mota ina ta shirya yadda za mu ratsa jama'ar ƙofar gida, don a wurinmu mutum mai suna irin wannan ba ka ganinsa sai ka wuce 'yan zaman ƙofa da maroƙa. Muka isa, wani ɗan gida ne mai shingen katako. Ba kowa. Ko mutum ɗaya. Pabel ya danna ƙararrawa yana ja da baya.

Shi da kansa ya buɗe, da gajeren wando, an ɗaure gwiwa da tawul mai ƙanƙara. Ya dube mu sama da ƙasa, ya tambaya ko 'yan jarida ne. Pabel ya yi ta bayani yana share gumi a cikin wannan sanyi. Mutumin ya matsa ya ba mu hanya. Muka tuɓe takalma, muka ƙi kujera, muka zauna a ƙasa. Malam Dikko ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi ba da haƙuri. Allah shi sa iyakar ta ke nan." Na ce amin. Muka sunkuyar da kai muka yi shiru yadda ake yi.

Shirun ya yi tsawo. Can ya yi wa Pabel magana ƙasa-ƙasa. Pabel ya ce, "Wai yana tambaya, wa ya mutu?" Na ce a gaya masa ba wanda ya mutu, wasan jiya ne. Da aka fassara masa sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya riƙe ciki, har ƙanƙarar ta zube a ƙasa. Da dariyar ta lafa sai na ga yana goge ido, kuma ba na dariya ba ne kaɗai. Ya ce tun da yake, in an ci wasa gidan nan ba ya ɗaukar mutane, in an sha kashi ko wayarsa ba ta ƙara. Mu ne na farko da suka taɓa zuwa. Ya sauko da ƙyar ya zauna a ƙasa tare da mu, ƙafar a miƙe.

Na ba shi goro. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma ya haɗiye don kara. Albasar kuwa ya juya ta a hannu yana jinjina girmanta, ya ɗauko wuƙa da burodi da gishiri, ya yanka ya ci ɗanya a gabanmu. Ya ce wannan albasa ce ta gaske. In ɗan Aliero ya karanta wannan kada ya ɗaga min kai, faɗa kawai na yi.

Sai na ba shi labarin Jega: kaset, rigunan fenti, da yadda muke zaton har yanzu yana da gashi. Ya shafa sanƙonsa ya ce kada in gaya musu. Sannan na gaya masa Garba, da motar albasa, da ɗakin. Nan dariya ta ƙare. Ya kwance tawul ɗin ya nuna min gwiwarsa, duk ɗinki ne. Ya ce shi ma da ya dawo ya yi zaman ɗaki, labule a sauke, har matarsa ta kusa tafiya. Na ce to me zan gaya wa ƙanena, aikin koci yana maye gurbin wasa? Ina so ya ce e. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kada ka yi masa ƙarya. Bai kai ba, ko kusa. Kana tsaye kana ganin inda ya kamata ƙwallo ta je, ƙafarka na motsi, wani yaro ya aika ta wani wuri. Kullum da ciwon rai nake komawa gida. Amma ɗaki ya fi shi muni. Na gwada duka biyun." Sannan ya tambaya, "Yanzu wa ke buga tsakiya a ƙungiyarku?" Na ce Bello, wani mahauci mai gudu kamar barewa. Ya ce, "Yana ɗaga kai?" Na ce ban lura ba. Ya ce in tambayi Garba.

Kafin mu baro ƙasar aka sallame shi daga aiki, a jarida Kaka ta nuna mana tana ƙwalla, ita da ta yi masa faɗa da yatsa. Pabel ya ce ya ji wata ƙaramar ƙungiyar ƙauye ta neme shi, kuma ya karɓa.

Duk hanyar dawowa, daga jirgi har motar Ikko, tunanina ɗaya: in faɗa wa Garba gaskiya ko in ƙaga masa wani abu. Kaset ɗin nan shi kaɗai ya rage masa. Malam Dikko da zai sauka a Maiyama ya ce, "Faɗa mai yadda ta ke. Baturen ma haka ya ce."

Na same shi yadda na bar shi, sai ƙarin rama. Na zauna bakin katifa na faɗa masa duka: tumbin, sanƙon, ɗingishin, fiton. Na ce inda yake tsayawa kuwa, bakin fili ne, bayan farin layi. Na faɗa masa abin da ya ce game da ɗaki, ban rage ba ban ƙara ba. Garba bai juyo ba. Can ya ce, "Ka ɓata min kaset, Yaya. Da ka bar ni da abina." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ga na yi tafiyar banza, na kuma ƙara masa ciwo. Na miƙe zan fita, sai na tuna, na ce, "Ya kuma ce in tambaye ka ko Bello na ɗaga kai."

Ya juyo. "Wane Bello?"

"Bello mahauci. Shi ke tsakiya yanzu."

"Bello anka ba tsakiya?" Ya tashi zaune. "Bellon da in ya samu ƙwallo ƙasa yaka kallo awa mai neman allura? Wa ya ba shi? Tun yaushe?"

Na ce tun da ya kwanta. Ashe duk masu zuwa dubiya ba wanda ya taɓa gaya masa, suna gudun kada ransa ya sosu. Ya yi ta faɗa shi kaɗai har Inna ta leƙo a tsorace.

Bai fita ranar ba, bai fita washegari ba. Amma da wasanmu da Aliero ya matso, wata la'asar ina wanke hannu a gareji sai aka ce ana nemana. Garba ne a bakin titi, da sanda, ya jiƙe da gumi, daga gida ya tako. Ya ce in kai shi fili. Na ɗora shi a babur, ƙafar a miƙe gefe, mutane suna ta tsayawa suna kallo.

Ya yi 'yan kwanaki yana gyara su, ya mayar da Bello gefe, ya jawo wani siririn yaro ɗan ƙauyen Alelu da ke kusa da mu tsakiya. Ranar wasa 'yan Aliero suka zo da ganguna, suka zura mana biyu, ba mu rama ko ɗaya ba. Ana tashi sai na ji murya daga cikin mahautan da suka zo kallo: "Garba, kai ka kashe mu! Wa ya ce ka taɓa Bello? Ba ka iya ba!" Wasu suka ɗauka. Jinina ya hau, na naɗe hannun riga na nufi wurin, don ban ga wanda zai zagi ƙanena da wannan ƙafa ina tsaye ba.

Kafin in isa na ji muryar Garba ta rufe tasu. Yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, yana kaɗa sanda sama, jijiyoyin wuya a waje. "Kai Mamman, rufe min baki! Kai da ko ƙwallon lemu ba ka taɓa bugawa ba! Taho ka karɓa in ka iya!" Suka yi ta yi, ba wanda ya rage murya, ba wanda ya dubi ƙafarsa, ba wanda ya ce masa sannu. Na tsaya a tsakiyar fili na saki hannun riga. Tun da nake ban taɓa jin daɗin a zagi ɗan'uwana ba sai ranar, har hawaye suka zubo min, na yi kamar gumi nake sharewa.

A kan babur muna komawa bai daina masifa ba, da gola, da rafali, da yaron Alelu da ya ce tsoro ya cika masa ciki. Da muka iso ƙofar gida ya sauka da kansa, ya ƙi in riƙe shi. Ya ce, "Gobe da la'asar ka taho da wuri, Yaya. Kuma ka biya ta mahauta ka ce ma Bello, in ya makara kada ya ma zo."